Fasist da Gurguzun Dimokuraɗiyya: Tsokaci Kan Wata Ruɗani a Nazarin Waƙoƙin Siyasa

Wata fahimta ta fara yaɗuwa a tsakanin ɗalibanmu masu nazarin waƙoƙin siyasa a nan Kontagora, wai aƙidar Fasist da gurguzun dimokuraɗiyya Ɗanjuma ne da Ɗanjummai, tunda kowacce tana sa hannun hukuma cikin tattalin arziki. Mu dai ba mu gamsu da wannan ra'ayi ba.

Abin tambaya shi ne: hukuma ta sa hannu domin wa? Musolini ya hau mulkin Italiya a 1922, ya haramta yajin aiki a 1926. Hitila kuwa, da samun mulki a 1933, ya rushe ƙungiyoyin ƙwadago a watan Mayu, ya kuma haramta jam'iyyar 'yan gurguzun dimokuraɗiyya ta Jamus a watan Yuni. Manyan attajirai suka ci gaba da riƙe masana'antunsu, sai dai su ƙera abin da yaƙi ke bukata. Habasha ta ɗanɗana kuɗarta a 1935. A Ingila kuwa, gwamnatin Leba ta 1945 ta mayar da ma'adinan kwal da jiragen ƙasa hannun hukuma, ta kafa tsarin magani kyauta a 1948, sa'annan da ta faɗi zaɓe a 1951 ta tattara komatsanta ta sauka. Wannan saukar ita ce abin da ɗan Fasist ba ya yi da son ransa.

A ƙasar Hausa, Sa'adu Zungur ya fi kowa dacewa da wannan awo. A "Maraba da Soja" ya tari dakarun da suka dawo daga Yaƙin Duniya na Biyu, wato yaƙin da ya karya Fasist, kuma zancen 'yanci ne ya mamaye waƙar. Amma kuskure ne a mayar da shi cikakken ɗan gurguzu, domin a "Arewa Jumhuriya ko Mulukiya" gyaran sarauta ya nema, ba tumɓuke ta ba. Masu nazari kan tsallake wannan, watakila don ba ya yi musu daɗin faɗi.

Inda aƙidar ta yi jiki sosai shi ne a NEPU, wadda aka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950, da kuma magajiyarta PRP ta Malam Aminu Kano. A 1979 Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali, kuma da ƙuri'a suka sami ikon yin haka. Ba mu ce PRP ba ta da tabo ba. Rabuwarta gida biyu, Santsi da Taɓo, ta jawo zage-zage da ba su da alaƙa da talaka. Duk da haka, lokacin da majalisar Kaduna mai rinjayen 'yan NPN ta tsige Balarabe Musa a watan Yunin 1981, kotu ya nufa.