Duke Ellington tsakanin rediyo da sinima

Sau da yawa akan ba da tarihin Duke Ellington (1899-1974) a rediyo da sinima da telebijin tamkar hawa ɗaya ne ba gargada. A ganinmu ba haka abin yake ba. Matsayin da rediyo ya ba shi cikin shekara huɗu, sai da sinima ta yi shekara talatin kafin ta yarda da shi.

A watan Disamba na 1927 ƙungiyarsa ta kama aiki a Cotton Club, a unguwar Harlem ta New York. Gidan rawa ne na Turawa. Baƙar fata kuwa nasa kiɗa da rawa da hidima. Amma daga nan ake watsa kiɗan ta rediyo, kuma mai saurare ƙaho da piyano yake ji, ba ya ganin fatar kowa. Kafin su bar gidan a 1931, sunan Ellington ya game Amurka.

Sinima kuwa da ido take aiki. A fim ɗin Check and Double Check (1930), wanda Turawa biyu suka shafa baƙi suka fito a matsayin Amos da Andy, har makaɗansa biyu masu hasken fata, Barney Bigard da Juan Tizol, sai da aka baƙanta musu fuska, don kada a zaci farare da baƙaƙe na kiɗa tare. Makaɗi aka ɗauko a nuna, ba a nemi mai tsara kiɗa ba.

Sai a 1959 Otto Preminger ya ɗanka masa, shi da Billy Strayhorn, kiɗan Anatomy of a Murder, labarin wata shari'ar kisa. Nan kiɗan ya daina zama ado, yana bayyana halin mutanen labarin. Duk da haka ba za mu zuzuta abin ba: dogon zaman kotu kusan babu kiɗa cikinsa, shi ya sa aikin ya fi cika a faifai. Kuma an sake zaunar da Ellington gaban piyano a wata mashaya, da sunan Pie-Eye.

A telebijin ya fi sakewa. A Drum Is a Woman (CBS, 1957) labarinsa ne, shi ne kuma mai ba da shi, yana bin sawun jaz daga Afirka. Sai dai Afirkar ta zuci ce, don bai taka Afirka ta Yamma ba sai a bikin Dakar na 1966.