Tsakanin Tsirkiya da Takarda: Nazarin Kiɗan Hwang Byungki

Duk mai son sanin yadda ake sabunta gado ba tare da an yar da shi ba, ya kamata ya saurari marigayi Hwang Byungki (1936-2018), makaɗin gayageum na Koriya ta Kudu. Shi wannan abin kiɗa doguwar faffaɗar katako ce mai tsirkiyar siliki 12. A zaune ake ɗora kanta bisa cinya, hannun dama na tsinkar tsirkiya, na hagu na dannawa yana girgiza ta har sauti ya lanƙwashe tamkar muryar mutum.

Hwang ya fara koyo a 1951 a birnin Busan, inda yaƙin Koriya ya kora su. Karatun lauya ya yi a jami'a, ba kiɗa ba. Amma ya koyi kiɗan fada, ya kuma koyi sanjo, wato kiɗan talakawa, alhali a da ba a cika haɗa biyun a hannu ɗaya ba.

Inda ya yi ta'asa shi ne rubutu. Sanjo daga kunne zuwa kunne ake ɗaukarsa, almajiri ya karɓa wurin malami ya ƙara nasa. Shi kuwa sai ya zauna ya tsara "Daji", ya rubuta, ya sa sunansa. An sami riba, domin ga sabon kiɗa da kowa zai iya koya daga takarda. An kuma yi hasara, domin abin da aka rubuta ya daskare, makaɗi na gaba ba shi da ikon taɓawa.

A ganinmu "Chimhyangmu" na 1974 shi ne gwaninsa. Nan ya tsallake salon da ya gada, ya koma can zamanin daular Silla, wadda kiɗanta bai iso ga kowa ba, ya ƙago yadda yake jin zai kasance. Ya sauya ɗaurin tsirkiyoyin, wani wurin ma hannu biyu ke tsinka tare. Sai dai duk lokacin da hannun hagu ya bar aikinsa, lanƙwasar nan takan ɓace, kiɗan ya yi daɗi amma ya rage ƙamshin gida. Sa'ar da aka yi, ba ya daɗewa bai komo ba.

"Migung" na 1975 kuwa ya fi suna, mu dai bai fi mana ba. Ya goga tsirkiya kamar mai goge, ya doke ta da sanda, Hong Sin-cha tana dariya, tana kuka, tana karanta jarida. Jin farko tsigar jiki takan tashi. A ji na uku, muryar matar ce ke riƙe da mai sauraro, gayageum ya koma ɗan rakiya.