Taƙaita Sunayen Garuruwa: Ina Iyakar Hujjar "Harshe Yarjejeniya Ne"?

Masu goyon bayan taƙaita sunayen garuruwa a rubuce sukan kafa hujja da Ferdinand de Saussure, wanda aka buga darussansa a 1916, shekara uku bayan rasuwarsa. Cewa suke yi, tun da babu wani dalili na halitta da ya ɗaure kalma da abin da take nufi, to kowace taƙaitawa daidai ce, muddin an yarda da ita. Hujjar tana da kama da gaskiya, amma rabin maganar aka ɗauko. Shi kansa Saussure ya nuna cewa rashin dalilin nan bai ba mutum ɗaya ikon canja kalma yadda ya ga dama ba, kuma ya bambanta kalmar da ba ta da dalili sam da wadda aka gina da sassa masu ma'ana.

Sunayen garuruwan Hausa da yawa na kashi na biyu ne. Dogon Dutsi, Gidan Rumji, Birnin Ƙonni: kowane Bahaushe yana jin gaɓoɓinsu. Baki kuwa ba ya yanke su da ka. Direba a tasha yakan ce "Ƙonni", ya yar da "birni", domin birane suna da yawa, Ƙonni ɗaya ce. Amma ba mai cewa "Kudu" yana nufin Birnin Kudu ta Jigawa, saboda kalmar tana da wani aiki tuni: sai a tambaye shi, kudu da ina? Ashe taƙaitawar baki tana da ƙa'ida, ko da ba a rubuta ta ba.

Alƙalami ne ke yin ganganci. "B/Ƙonni" ba laifi, tun da sashen da ke rarrabewa yana nan. To, "B.K." fa? Birnin Kabi ce, ko Birnin Kudu? Rubutun Faransanci, da ya saba cire lanƙwasar ƙ, ya ƙara ta uku, ya mai da Ƙonni "Konni". Haka "K/" a adireshi: Ƙofar ce, ko Ƙauran, ko Kwanar? Wasiƙa ba ta san yarjejeniyar da magatakarda ya ƙulla shi kaɗai a ofishinsa ba.

Akwai kuma ɓarnar da ta riga taƙaitawa. Da aka haɗe Dogon Dutsi ya zama "Dogondoutchi", mai karatu ya daina ganin dogo, ya daina ganin dutsi. Abin sha'awa, masu cewa "Dutsi" kawai sun yanka sunan daidai kan gaɓar da rubutun ya ɓoye.