Yadda Gwani Ke Girka Manhaja a Baƙin Allo

Allon baƙi ne wuluk, babu hoto, babu abin dannawa da linzami, sai 'yar alama tana ƙyaftawa tana jiran umarni. A nan mai kula da kwamfuta mai aiki da Debian ko Ubuntu yake girka manhaja ko ya cire ta, da wani ma'aikaci mai suna APT, wanda ya shigo Debian a fitowar 2.1 a shekarar 1999.

A wannan tsari manhaja a ƙunshe take zuwa, cikin fayil mai ƙarewa da .deb. Kowane ƙunshi yana ɗauke da shirin kansa da bayaninsa: suna, lambar fitowa, da sunayen sauran ƙunshin da ba zai motsa ba sai da su. Duka suna ajiye a rumbunan intanet. Debian 12, wadda ta fito a watan Yunin 2023, ta zo da ƙunshi sama da 64,000.

Gwani ba ya farawa da saukarwa. Zai rubuta sudo apt update tukuna. Da sudo yake aron ikon shugaban na'ura na ɗan lokaci. Wannan umarni ba ya girka komai, jerin abin da ke rumbu kawai yake ɗaukowa, kamar mai zaga kasuwa ya ji farashi kafin ya sa hannu a aljihu. Aikin da ke gudana a ɓoye a nan shi ne ya fi burge ni. Jerin yana zuwa da sa hannun sirri na masu rumbun, APT ya gwada shi da makullin da ke cikin kwamfutar. Kowane ƙunshi kuma yana da lambar tantancewa ta SHA256. Ko harafi ɗaya aka taɓa a hanya lambar ba za ta dace ba, nan take a ƙi shi.

Daga nan sai, a ce, sudo apt install vlc. APT zai bi sawun duk abin da manhajar VLC ke buƙata, da abin da su ma suke buƙata, ya jera su, ya faɗi yawan megabayit da za a sauke, sannan ya nemi izini. Mai kasala yana ganin tambaya zai danna Y. Gwani kuwa sai ya karanta, musamman layin abubuwan da za a cire, domin wani lokaci sabon ƙunshi ba ya zama wuri ɗaya da wani tsoho da ake amfani da shi kullum. In ransa bai kwanta ba, ya ƙara -s, a nuna masa duk abin da zai faru ba tare da an taɓa komai ba. In data ta yi ƙaranci, --no-install-recommends zai bar masa na dole kawai.

Ainihin girkawar aikin wani ma'aikacin ne mai suna dpkg: ya kwance ƙunshi, ya kai kowane fayil mazauninsa, sannan ya daidaita shi. In wuta ta ɗauke tsakanin kwancewa da daidaitawa, gwani ba ya rikicewa. Da ta dawo zai rubuta sudo dpkg --configure -a, a ƙarasa abin da ya tsaya.

Cirewa ma da ƙa'idarta. Umarnin remove yana barin fayilolin saiti ko za a sake buƙatarsu, purge yana kwashe har su, autoremove kuma yana tattara waɗanda suka shigo rakiya alhali wanda suka rako ya tafi. In bayan mako guda wani abu ya daina aiki, zai buɗe /var/log/apt/history.log, inda aka rubuta kowane umarnin APT da ya girka ko ya cire wani abu, da ranarsa da sa'arsa, ya gano wanne ne ya jawo matsalar.