Abin da Sabon Shugaba Zai Koya a Zauren Mai Unguwa

A ƙasar Daura, ranar da aka naɗa mutum mai unguwa, nauyin da ake ɗora masa ya fi ƙarfin abin da ake damƙa masa a hannu. Ba shi da ɗan sanda, ba shi da kotu, ba ya iya korar kowa daga unguwa. Amma kafin ya gama karyawa da safe zaurensa ya cika: mai kukan an ci masa iyakar gona, matar da ta yi yaji tana son a sa baki, baƙon da ya biyo shanu kasuwar Mai'adua ta ranar Lahadi yana neman wanda zai tsaya masa. Galibin mutanen nan kuwa su ne ya yi wasan ƙasa da su, wasunsu ma sun goya shi. Hausawa suka ce, ido wa ka raina, ya ce wanda nake gani kullum. Duk wanda aka taɓa ɗagawa daga cikin abokan aikinsa aka ce daga yau shi ne babba ya san zafin wannan karin magana.

Na daɗe ina kallon yadda gwanaye a cikin masu unguwanni suke fita daga wannan tsaka mai wuya, kuma na yarda cewa abin da suke yi sana'a ce mai ƙa'ida, kamar ƙira ko gini. Sunanta iya riƙon jama'a.

Tsanin sananne ne: mai unguwa yana ƙarƙashin dagaci, dagaci ƙarƙashin hakimi, hakimi ƙarƙashin Sarki. Haka abin yake a Daura da Zango da Baure da Sandamu da Mai'adua, ƙananan hukumomi biyar na masarautar da Mai Martaba Alhaji Umar Faruk Umar yake riƙe da ita tun 2007, bayan rasuwar Sarki Muhammadu Bashar wanda ya hau gado a 1966. A da, wannan tsani yana da haƙora. Akwai 'yan doka da alƙalai da gidan yari na En'e, akwai haraji da jangali. A ƙarshen shekarun 1960 gwamnati ta karɓe 'yan doka da kotuna, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ɗauke ragowar mulki, sannan gwamnatin Balarabe Musa da ta hau a 1979 ta soke haraji da jangali a tsohuwar Jihar Kaduna, wadda Daura take cikinta har aka ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987. Da aka zare duk waɗannan, abin da ya rage wa mai unguwa shi ne iyawarsa kaɗai. Shi ya sa zaurensa ya zama wuri mafi kyau na ganin wannan sana'a tsirararta.

Gwanin mai unguwa ba ya fara mulki da magana. Watanninsa na farko na gaisuwa ne. Kafin masu mubaya'a su gama zuwa, shi ya riga ya taka zuwa gidan wanda suka nemi sarautar tare bai samu ba, ya cire takalmi, ya zauna a ƙasa in mutumin ya girme shi, ya ce, "Yaya, wannan kaya namu ne ni da kai, ka riƙa yi mini gyara." Daga nan sai liman, sai dattawan da suka san inda kowace iyaka ta bi tun zamanin kakanni, sai Sarkin Pawa, sai ungozoma wadda ta san abin da ke cikin gidajen da namiji ba ya shiga, sai yaron da samari suke jin maganarsa ko da ba shi da wani muƙami. Mai kallo daga nesa zai ɗauka ladabi ne kurum. Ladabin yana nan, amma a cikinsa mutumin yana karatu: wa ke jin maganar wa, wane gida ne ba ya ga maciji da wane, wa ake lallashi da yabo, wa ake ja da kunya, wa ba ya son a tsaya masa a ka. Ranar da rigima ta taso, ba ya lalube cikin duhu. Ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Wurin sulhu kuwa nan gwaninta take fitowa fili. A ce shanu sun shiga gonar gero gab da girbi. Ba ya haɗa manomi da makiyayi nan take alhali jini yana tafasa. Yakan ji kowa shi kaɗai, ya bar shi ya amayar da duk abin da ke cikinsa ba tare da ya katse shi ba, don ya san rabin fushin mutum rashin wanda zai saurare shi ne. Sai ya tashi da kansa, da dattijo ɗaya ko biyu da wakilin Sarkin Fulani, a je a ga ɓarnar da ido, a ƙiyasta damin da aka yi asara. In an zauna, tambayar da nake jin daɗinta a bakinsa ita ce, "To, kai yanzu me kake so a yi?" Sau da yawa wanda ya zo yana rantsuwa sai an kai gaba, in aka ba shi wuƙa da nama haka, sai ya yanka ƙasa da abin da ake zato. Kuma ko da gaskiya ta fito ƙarara a gefe ɗaya, mai unguwa ba ya tozarta mai laifi a gaban jama'a. Yana bar masa ƙofar fita da mutuncinsa, domin gobe a sahu ɗaya za su tsaya a masallaci. Faɗa mai zafi sai bayan sallar isha'i, su biyu, a soron ciki. Yabo ne ake yi a bainar jama'a, da suna, a ji.

Wani ɓangaren da mutane ba su cika lura da shi ba shi ne zaman tsakiya. Umarni yana sauko masa daga dagaci da hakimi, kuka yana hawo masa daga talakawa, shi ne mahaɗa. Rigakafin shan inna ya nuna wannan a ƙasar Hausa. Bayan ƙauracewar da aka yi wa rigakafin a wasu jihohin Arewa a 2003, takarda daga Abuja ba ta buɗe ƙofar magidancin da ya ce a'a ba. Sarakuna sun shiga aikin gadan-gadan a ƙarƙashin jagorancin Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar, amma wanda yake tsayawa a ƙofar gida shi ne mai unguwa, kuma gwanayensu sukan fara miƙa nasu 'ya'yan a ɗiga musu kowa yana gani. In magidanci ya ce shi maganin zazzaɓi yake nema ga yaronsa da ke kwance, mai unguwa na kirki yana ɗaukar wannan magana ya kai ta sama yadda aka faɗe ta, bai shafa mata mai ba. A watan Agusta na 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta daji, kuma akwai gumin waɗannan bayin Allah a ciki.

Ba kowane mai rawani ne gwani ba. Akwai wanda yake sayar da fili ɗaya ga mutum biyu, akwai mai karkata ga mai kuɗi. Unguwa ta san su, kuma alamarsu ɗaya ce: mutane suna tsallake zaurensu su tafi ofishin 'yan sanda.

Daura ta yau ta cika da sababbin shugabanni da ba su da rawani. Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, ga Jami'ar Sufuri, ga aikin layin dogo na Kano zuwa Maradi da aka ƙaddamar a 2021, ga makarantu da ƙananan asibitoci a kowace gunduma. Kullum ana ɗaga wani malami a ce shi ne hedimasta, ana ɗaga lebura a ce shi ne heluma, ana ba wata ma'aikaciyar jinya riƙon asibiti. Galibi an zaɓe su ne don sun iya aikin hannunsu, ba wanda ya zaunar da su ya koya musu riƙon mutane. Abin yana damuna in na ga sabon shiga ya fara da takardar tuhuma a makonsa na farko, don tsoron kada a raina shi. Takardar tana sa mutum ya zo aiki ƙarfe takwas, amma ba ta sa shi ya gaya maka cewa bangon da ake ginawa ya karkace. Neman shawara kuwa ba ya rage girman sabon shugaba. Umaru Dallaji, da ya zama Sarkin Katsina bayan jihadi, shi ya nemi Muhammadu Bello ya rubuta masa ƙa'idojin mulki, aka samu littafin Usulus Siyasa, wanda a ciki aka ja hankalin shugaba ga sassauci da zama da masana da kula da masu sana'a, manoma da maƙera da marina da mahauta.

Na taɓa zama a wani zaure a wani ƙauye da ke kan hanyar Zango, aka raba gardamar kan iyaka tsakanin wasu 'yan uwa biyu. Ƙaramin ne ya yi gaskiya, babban ya tashi fuska a ɗaure bai yi sallama ba. Da magariba ta wuce sai na ga mai unguwa ya ɗauki tocilan da ƙullin goro. Na tambaye shi ina zuwa, ranka ya daɗe. Ya ce gidan babban zai leƙa, akwai gayyar gyaran hanyar maƙabarta ranar Asabar, kuma yana so shi ne zai raba wa samari aiki.