Dirka da “Yana”: Sharhi a kan Wata Ƙa'ida ta Nahawun Sifaniyanci

Littattafan koyar da Sifaniyanci da dama sukan raba aikatau biyu, ser da estar, da ƙa'ida guda: wai na farko na abu mai ɗorewa ne, na biyu kuwa na mai wucewa. A ganina wannan ƙa'ida gurguwa ce, kuma Hausa tana iya nuna inda take ɗingishi, domin mu ma muna da dirka “ne/ce” a gefe guda, da “yana/yake” a ɗaya gefen.

Mu ɗauki tashar jirgin ƙasa ta Kano. Tun 1911 dogo ya iso Kano, tashar kuwa ba ta gusa ba, amma Basifane estar zai sa in zai faɗi inda take, kamar yadda muke cewa “tasha tana Kano”. Haka mamaci: estar ake yi masa, mu kuma mu ce “a mace yake”, alhali babu abin da ya fi mutuwa ɗorewa. Ƙuruciya kuwa, mai saurin wucewa, ser take ɗauka, daidai da “yaro ne”. Ashe ke nan ɗaya yana faɗin ko mene ne abu, ɗayan yana faɗin wurin da yake ko halin da yake ciki. “Jirgin kaya ne” amsa ce ga wanda ya tambayi irinsa. “Yana tsaye” amsa ce ga fasinjan da ya ƙosa. Asalin kalmar ma ya goyi bayan haka: estar daga stare ta Latin take, wato tsayawa, kuma daga wannan saiwa Ingilishi ya sami kalmar da muka ara muka ce “tasha”.

Sai dai kada kamannin ya ruɗi malami a aji. Ser aikatau ce sosai, tana sauyawa da lokaci. Dirka ba aikatau ba ce, kuma Galadanci bai sa ta cikin aikatau ba a littafinsa na 1976. Jinsi da adadi take bi, karin sautinta kuma yana saɓa wa na gaɓar da ta gabace ta: ƙasa a “jirgi ne”, sama a “tasha ce”. In ana son lokaci sai a jingina mata wata kalma, a ce “a da direba ne”. Ɗalibin da aka koya wa cewa “ne” aikatau ce zai nemi shuɗaɗɗen lokacinta a jarrabawa, ba kuwa zai same shi ba.