Mai Sharhin Ƙwallo da Amanar Kunne

A Shehuri, unguwar da fadar Shehun Borno take a Maiduguri, ba a ɗaukar El-Kanemi Warriors a matsayin ƙungiyar ƙwallo kawai, domin sunan da take ɗauke da shi na Shehu Muhammad al-Amin El-Kanemi ne. Saboda haka duk wanda ya riƙe makirufo don ba da labarin wasanta, aikinsa ya kusanci na sanƙira a ƙofar fada: ya kira sunan ɗan wasa, ya yi masa kirari, ya zuga shi. Marigayi Ernest Okonkwo na Rediyon Nijeriya, wanda ya rasu a 1990, da haka ya yi suna, har laƙabin da ya raɗa wa Segun Odegbami da Christian Chukwu ya bi su bayan sun rataye takalma. Sai dai akwai bambanci. Jama'a na ganin wanda sanƙira ke wasawa, amma mai sauraron rediyo ba ya ganin fili, idonsa na bakin mai sharhi. Wannan ya sa aikin ya zama amana kafin ya zama nishaɗi.

Tarihin ƙungiyar ya nuna nauyin wannan amana. An kafa ta a 1986, ta ɗauki Kofin Ƙalubale a 1991 da 1992. Da rikicin Boko Haram ya tsananta, sai ta koma buga wasanninta na gida a Kano da Katsina, ba ta dawo Maiduguri ba sai a 2016. A waɗancan shekaru, akasarin magoya baya sai dai su ji labari. A 2023 ta faɗi zuwa rukuni na biyu, amma a 2024, a hannun koci Aliyu Zubairu, ta doke Abia Warriors da ci 2 da nema a Legas ta ɗauki kofin karo na uku, ta kuma haye babban rukuni ta gasar share fage ta ƙungiyoyi takwas. A irin wannan gasa ne ake gane gwanin sharhi, domin maki guda ko tazarar ƙwallo ɗaya kan raba mai hawa da mai zama. Gwani kan shimfiɗa lissafin ƙarara: wasa nawa ya rage, maki nawa ake nema, me zai faru in abokin hamayya ya yi kunnen doki. Fatan da aka ɗora kan lissafi yana jure shan kashi, wanda kuwa aka hura da ihu kaɗai, ranar da ya fashe kan alƙalin wasa yake hucewa.

Wasu za su ce ai mafita ita ce mai sharhi ya zama ɗan ba-ruwana. Wannan ya dace da wasan da ake watsa wa ƙasa baki ɗaya, amma mai sharhin gida da muryarsa ba ta rawa in an zura wa ƙungiyarsa ƙwallo, ba zai riƙe kunnen kowa ba. Son ƙungiya ba laifi ba ne; laifin shi ne ya kira fanaretin gaskiya zalunci, ko ya ɓoye cewa masu tsaron baya sun yi sakaci. Wasu kuma za su ce gidajen kallon ƙwallon Turai da wayoyin hannu sun binne rediyo. Amma waya sakamako take bayarwa, ba ta faɗin yadda aka yi gumi, kuma wasannin cikin gida da yawa ba sa zuwa talabijin. A gari irin Maiduguri, inda Kanuri da Shuwa da Babur da Marghi kan haɗu a Hausa, muryar mai sharhi ce ke tara su a tabarma ɗaya. Wanda aka ba wannan matsayi, ya yi kirari iya ƙarfinsa, amma in an ci ƙungiyarsa biyu, ya ce biyu ne, ya kuma faɗi ta inda aka shigo.